Gishiri, hawan jini da ƙullutun saman ƙoda: kira ga 'ya'yan Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Shekara biyu ke nan da kawuna ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta gero, a wani ƙauye da ke gundumar Gazawa ta jihar Maraɗi. Mutum ne siriri mai ƙarfi, bai kai sittin ba, ba ya shan taba, kuma yawancin tafiyarsa a ƙasa yake yi. Da aka ɗauko shi, hannunsa da ƙafarsa na dama sun saki, bakinsa ya karkace. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi, aka shiga turare da rubutu. Sai a rana ta huɗu aka kai shi likita, inda ma'aikacin jinya ya ɗaura masa na'ura a damtse ya ce tansiyo ne, wato hawan jini. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da aka auna jininsa.

Kafin magariba kuɗi sun shigo daga Agadas, Legas da Libiya, domin 'ya'yansa da mu 'ya'yan 'yan'uwansa ba mu yi ƙasa a gwiwa ba. Sai dai abin da muka tara a wuni guda ya isa a saya wa kowane gida na zuriyarmu na'urar awon jini, har a yi saura. Mun iya biyan kuɗin jinya, amma ba wanda ya taɓa tunanin biyan kuɗin awo.

Tun daga lokacin nake bibiyar abin da masana suka gano game da gishiri da hawan jini. Ra'ayina shi ne, wani kaso na shanyewar ɓarin jiki da kumburin zuciya da ciwon ƙoda da ke kwantar da iyayenmu yana da sanadin da aka sani, ana iya auna shi, kuma maganinsa ba ya cikin masu tsada. Abin da ya rage shi ne mu da muka yi boko ko muka fita neman kuɗi mu kai wannan sani gida.

Ma'ajin gishiri a jikin mutum

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da nauyinsa bai wuce giram 5 ba, likitoci na kiran sa adirinal. Ɓawonsa na waje yana fitar da wani sinadarin saƙo, wato homon, mai suna aldostiron. Aikinsa kamar na ma'aji ne mai rowa. Idan jini ya ragu a jiki saboda gumi ko zawo ko zubar jini, ƙoda kan saki wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya tayar da jerin saƙonni har su isa ƙullutun. Daga nan aldostiron ya umarci ƙoda da ta riƙe sodiyam, wanda shi ne jigon gishiri, ta zubar da fotasiyam a fitsari. Duk inda sodiyam ya tsaya ruwa na tsayawa tare da shi, sai jini ya ƙaru, ƙarfin bugunsa ya dawo daidai. Irin wannan umarni yana isa hanji da kafofin gumi. Shi ya sa gumin manomin da ya saba da zafin watan Afrilu bai kai na baƙon da ya sauka jiya gishiri ba.

A 1953 ne Sylvia Simpson da James Tait na Landan, tare da tawagar Tadeus Reichstein ta birnin Basel a Suwizalan, suka tace wannan sinadari. Shekara guda bayan haka wani likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, Jerome Conn, ya duba wata mata 'yar shekara 34 mai hawan jini da raunin gaɓoɓi da ƙarancin fotasiyam. Ya yi hasashen cewa ƙullutunta ne ke fitar da aldostiron fiye da kima. Aka yi mata tiyata, aka tarar da ƙari a jikinsa, aka cire, ta warke. Har yau ana kiran cutar da sunansa. Conn ya kai ga wannan fahimta ne saboda a lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi bincike kan yadda jikin mutum ke sabawa da zafi, abin da mu mutanen Sahel muke rayuwa a cikinsa kullum.

Daga ayarin Bilma zuwa dunƙulen magi

Wannan rowa ta jiki rahama ce a zamanin da gishiri ke da wuyar samu. Kakanninmu a Gobir da Katsinar Maraɗi sai sun jira ayarin raƙuma ya sauko da kantun Bilma da Fachi, su ba da gero su karɓi gishiri, sannan a yi ta lallaɓa shi har shekara ta zagayo. A irin wannan rayuwa, jikin da ya iya riƙe gishiri shi ke tsira.

Akwai hujja a kan haka daga dajin Amazon. Masu bincike sun auna ƙabilar Yanomami, waɗanda kusan ba sa cin gishiri, suka tarar aldostiron ɗinsu yana sama sosai, amma jininsu ba ya hawa ko da sun tsufa. Babban binciken Intersalt na 1988, wanda ya haɗa mutum sama da 10,000 a cibiyoyi 52 na ƙasashe 32, ya sake tabbatar da ƙarancin gishirinsu da kwanciyar jininsu. Ke nan sinadarin shi kaɗai ba ya ɓarna. Ɓarnar na zuwa ne idan ya haɗu da gishiri mai yawa.

To dubi tukunyarmu ta yau. A kasuwar Cadawa ko Tibiri ko Gangara, gishiri na cikin abubuwa mafi araha. Uwargida za ta sa gishiri a miya, ta marmasa dunƙule biyu ko uku, wanda kusan rabin nauyin kowannensu gishiri ne, ta ƙara farin magi, shi ma mai sodiyam. Ga kanwa a wake da ɗanwake da miyar kuka da ta kuɓewa, ita ma sodiyam ce duk da ba ta da ɗanɗanon gishiri. Ga yajin da ake barbaɗawa a kan tsire da ƙosai da awara. Samarin birni kuma sun ƙara da taliyar leda, wadda ake juye ƙunshin sinadarinta gaba ɗaya, sannan mai shayi ya ƙara dunƙule a cikin ƙwai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi. Rahotonta na 2023 ya nuna matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya kusa giram 11, fiye da ninki biyu.

Tabon da ba a gani

An daɗe ana ɗauka cewa aikin aldostiron ya tsaya a ƙoda. Bayan da aka gano ƙwayar halittar makarɓinsa a 1987, wato kwaɗon da wannan mabuɗi ke buɗewa, sai aka ga akwai irin kwaɗon a zuciya da bangon jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwar jiki. A farkon shekarun 1990 Karl Weber da Christian Brilla suka ba ɓeraye aldostiron tare da gishiri mai yawa, sai naman zuciyarsu ya cika da tabo ya sandare. Ɓerayen da aka ba sinadarin ba tare da yawan gishirin ba, ba su yi wannan tabo ba.

A jikin mutane ma an ga haka. Wani bincike da aka yi a Paris aka wallafa a 2005 ya kwatanta masu cutar Conn da masu hawan jini na yau da kullum waɗanda awonsu ya yi daidai da juna. Masu cutar Conn sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen shanyewar ɓarin jiki, kuma sun fi su bugun zuciya da rikicewar bugawarta. Ma'ana, lambar da na'ura ke nunawa ba ita ce dukan labarin ba. Sinadarin da kansa yana cin zuciya da ƙoda a ɓoye.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga toshe kwaɗon. Akwai tsohon magani mai suna sipironolakton da ake amfani da shi tun wajajen 1960. A gwajin RALES na 1999, wanda Bertram Pitt ya jagoranta, an raba masu tsananin kasawar zuciya 1,663 gida biyu. Waɗanda aka ƙara wa wannan ƙwaya, mace-macensu ya ragu da kashi 30 cikin 100. A 2015 gwajin PATHWAY-2 na Birtaniya ya nuna cewa ga mutumin da jininsa ya ƙi sauka duk da yana shan magani iri uku, sipironolakton ne ya fi sauran magungunan da aka gwada sauko da shi. A 2020 kuma wani sabon magani na wannan dangi, finerenon, ya rage saurin lalacewar ƙoda ga masu ciwon suga, a gwajin da ya haɗa mutum sama da 5,600.

Cutar da ake yi wa kallon baƙuwa

Shekaru da dama littattafan likitanci na cewa cutar Conn ba ta da yawa. Wannan ra'ayi ya rushe. Binciken da Jenifer Brown da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2020 ya sami alamun fitar aldostiron ba bisa ƙa'ida ba a kusan kashi 16 cikin 100 na masu hawan jini matakin farko, da kusan kashi 22 na waɗanda jininsu ya ƙi jin magani. Duk da haka, wani nazari a kan tsofaffin sojojin Amurka sama da 260,000 da jininsu ya ƙi jin magani ya nuna ko kashi 2 cikin 100 ba a yi wa gwajin ba. Idan haka lamarin yake a Amurka, sai mai karatu ya kwatanta da ƙauyen da ko awon farko ba a yi.

Abin ya fi shafar mu, domin an daɗe da lura cewa a tsakanin baƙar fata an fi samun hawan jinin da ke tafiya da riƙe gishiri da ƙarancin renin. Likitocin Afirka sun fara gwada abin da ya dace da mu. Gwajin CREOLE na 2019, ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, ya haɗa mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya kuma nuna cewa haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi sauko da jini. Wani ƙaramin bincike na 2017 a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, wanda Adeseye Akintunde ya yi tare da abokan aikinsa, ya zaɓar wa marasa lafiya magani bisa awon renin da aldostiron ɗinsu. Bayan shekara guda, kusan rabinsu jininsu ya daidaita, alhali a ɓangaren da aka bi hanyar da aka saba kusan mutum ɗaya ne cikin tara.

Da na karanta alamun ƙarancin fotasiyam, wato kasala da riƙewar tsoka da yawan fitsarin dare da ƙishirwa, sai na tuna kawuna ya daɗe yana kukan irin waɗannan abubuwa. Mu kuwa muna ce masa gajiyar noma ce.

Masu jego da kunun kanwa

Akwai wani ɓangare da ya shafi mata kai tsaye. A shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Neil Davidson da Eldryd Parry, sun rubuta labarin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, jikinsu ya kumbura, numfashi ya yi musu wuya. Sun ɗora zargi a kan haɗuwar kunun kanwa da wankan jego da zafin ɗaki na tsawon kwana arba'in. Daga baya binciken Arnaud Cénac a Yamai, da na Farfesa Kamilu Ƙaraye a Asibitin Malam Aminu Kano, sun nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci na da hannu a ciki, don haka ba za a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma ko mene ne tushen cutar, zuciyar da ta raunana ba ta buƙatar ƙarin sodiyam. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, likita ya kamata a kai ta a ranar, ba a ƙara mata kunu ba.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce, a yankin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara, inda ƙungiyoyin agaji suka shafe shekaru suna jinyar ƙananan yara a Gidan Rumji, maganar homon ai kayan marmari ce. Na fahimci wannan. Sai dai wa ke ciyar da yaran? Magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara hamsin, gonarsa ta gero da gyaɗa da aya ta tsaya, 'ya'yansa sun bar makaranta, ɗansa da ke ci-rani ya koma aiko da kuɗin magani maimakon na taki. Wanda ƙodarsa ta mutu kuwa, wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba abin da gidan manomi zai iya ɗauka ba ne.

Wani kuma zai ce mai noma cikin rana na buƙatar gishiri. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a daina ci. Yaron da ke zawo, ruwan gishiri da sukari ne ke ceton ransa. Gishiri mai aidin na kare mu daga maƙoƙo. Akwai ma jariran da ake haifa ƙullutunsu ba ya fitar da isasshen aldostiron, gishiri na zuba daga jikinsu har su galabaita. Maganar ta awo ce. Jikin manomi ya riga ya iya tattalin gishirinsa, bai kuma buƙaci dunƙule uku a kwanon tuwo ba. Balle matashin da ke zaune a shago ko ofis daga safe zuwa dare.

Me za mu yi?

Na farko, mu fara da kanmu. Hawan jini ba ya jiran furfura, kuma sau da yawa ba ya ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Duk wanda ya kai shekara 18 ya auna. Idan awo ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, wanda a Nijar ake cewa 14 da 9, to a ga likita.

Na biyu, ku 'yan'uwa da ke Yamai, Kano, Abijan, Aljeriya, Saudiyya ko Turai, a cikin tsarabar bana ku sa na'urar awon jini ta damtse mai batir. Kuɗinta bai kai na wayar da kuke aikowa ba. Ku koya wa ɗalibi ɗaya a gidan yadda zai auna ya rubuta a littafi, ya turo muku hoton ta WhatsApp. Ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke tara kuɗin gyaran masallaci da rijiya za su iya saya wa gidan likitan ƙauyensu na'ura da batir.

Na uku, tukunya. A rage dunƙule sannu a hankali, a mayar da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta matsayinsu. Harshe kan saba cikin makonni kaɗan. A yawaita wake da zogale da yakuwa da dankali da tumatir, domin fotasiyam ɗin da ke cikinsu na rage ƙarfin sodiyam. A ƙasar Sin, an gwada gishirin da aka maye rubu'insa da fotasiyam a ƙauyuka 600, kan mutum kusan 21,000, aka wallafa sakamakon a 2021: shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Amma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishiri sai da izinin likita.

Na huɗu, a san tambayar da za a yi. Idan mahaifinka na shan magani iri uku jininsa bai sauka ba, ko hawan jini ya kama mutum tun yana matashi, ko yana tare da kasala da riƙewar tsoka, a roƙi likita ya duba fotasiyam da lafiyar ƙoda, ya kuma yi tunanin aldostiron. Kada kowa ya sayi sipironolakton a hannun masu tallar magani a kasuwa. Yana iya tara fotasiyam har ya tsayar da zuciya, bai dace da mai ciki ba, kuma yakan kumbura nonon maza. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ake sha kamar gyaɗa bayan aikin gona, da ƙwayoyin sa ƙiba, da wasu mayukan bilicin, duk suna sa jiki riƙe gishiri.

Na biyar ya rataya a wuyan hukuma da masana. Duk binciken da na lissafa, daga Michigan zuwa Paris zuwa Abuja, babu ɗaya da aka yi a kan mutanen Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji. Alhali jihar Maraɗi ta nuna za ta iya. A gundumar Madarumfa aka gwada allurar ɗigon rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, cibiyar Epicentre ta jagoranta, aka wallafa sakamakon a 2017 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ɗalibanta na likitanci, muna da babban asibiti a Maraɗi. Me zai hana a auna yawan gishirin da mutanen waɗannan gundumomi uku ke ci, da nawa ne ke da hawan jini, da nawa ne cikinsu aldostiron ke wa aiki? Me zai hana awon jini ya zama wajibi ga duk babban da ya shiga gidan likita, ko da ciwon haƙori ya kawo shi? Afirka ta Kudu ta kafa dokar ƙayyade gishiri a abincin kamfani tun 2013, ta fara aiki a 2016, har da dunƙulen miya a ciki. Mu ma muna da hurumin tambayar abin da ake zuba mana a dunƙule.

Kawuna na nan da ransa. Yana jan ƙafa, yana shan maganinsa, matarsa ta rage dunƙule daga uku zuwa ɗaya. Na'urar da muka saya daga baya tana rataye a ɗakinsa, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci maƙwabta kan shigo a auna su. A wata na farko kaɗai, mutum uku aka tura likita, cikinsu har da ƙaninsa wanda ya rantse lafiyarsa ƙalau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu ikon yin abin da ya kamata tun kafin a faɗi.